DAGA KONTAGORA: Majalisar Dokokin Neja Ta Farko, 1979 Zuwa 1983

Da niyyata a makon nan in yi magana a kan tsadar taki da halin da manomanmu ke ciki, amma wata tambaya da wani yaro ya yi ta sa na ajiye wannan sai wani jiƙon.

Ran nan da la'asar sakaliya muna zaune a majalisarmu ta hira a nan Kontagora, rediyo na ba da labarai, sai mai karatu ya ambaci "majalisa ta goma" ta Jihar Neja, watau wadda aka rantsar a watan Yuni na 2023. Wani ɗalibi da ya zo gai da kawunsa yana durƙushe gefe yana saurare. Da aka ƙare labarai sai ya ce, "Kawu, a gafarce ni, ina da tambaya. An koya mana an kafa Jihar Neja a 1976. In kowace majalisa shekara huɗu take yi, ai tara da suka wuce shekara 36 ke nan, alhali kuwa daga 1976 zuwa 2023 shekara 47 ce. To, ina sauran suka shiga?"

Kawun nasa, wanda tsohon malamin firamare ne, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, lissafinka daidai ne, sai dai ɓatan ya fi haka yawa. Soja suka cinye su."

Gaskiyar dattijo. Majalisa ta farko ta zauna daga Oktoba 1979 zuwa 1983. Ta biyu wata uku kacal ta yi aka kore ta. Ta uku ta fara a Janairu 1992, Janar Sani Abacha ya rushe ta a Nuwamba 1993. Sai daga 1999 ne aka samu suna bin juna ba yankewa. In ka tara duka, za ka ga kimanin shekara 17 Jihar Neja ta yi babu wani zaɓaɓɓe da ke da ikon tambayar gwamna inda kuɗin jama'a suka tafi. Wannan ya sa na ga ya kamata mu waiwayi ta farkon, gama waiwaye adon tafiya ne, kuma yawancin halayen da muke kuka da su yanzu tun a wancan zama suka fara tsiro.

KAFIN A ZO MINNA

Mutanen ƙasar Kontagora ba a 1979 suka fara sanin majalisar dokoki ba. Zamanin Jihar Arewa, sa'ad da muke cikin Lardin Neja tare da Bida da Abuja da Agaie da Lapai da Zuru, Kaduna ake zuwa. A can cikin zauren Lugard Hall majalisu biyu ke zama: Majalisar Sarakuna, inda Sarkin Sudan ke da kujera, da Majalisar Wakilai, wadda ta fara zama a 1947. Da fari ba jama'a ke zaɓen wakilan nan da kansu ba, En'e ke tsamo su. Daga baya aka koma zaɓe hawa-hawa, daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa lardi, kafin a zo ga jefa ƙuri'a kai tsaye. A wannan majalisa ce Malam Abubakar Tafawa Balewa ya miƙe a watan Agusta na 1950 ya kawo batun gyaran mulkin En'e, a gaban Turawa, a lokacin da irin wannan magana sai mai ƙarfin hali. Daga lardinmu kuwa wanda ya fi yin fice shi ne Alhaji Aliyu Makaman Bida, wanda ya daɗe yana riƙe da ma'aikatar kuɗi ta Arewa.

Majalisar Arewa ta ƙarshe an zaɓe ta a watan Mayu na 1961. Kujeru 170 aka yi takara a kansu, jam'iyyar NPC ta kwashe 160, AG ta sami 9, NEPU ta tsira da ɗaya. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, shi ne Firimiya, Alhaji Umaru Gwandu ke shugabantar zama, Alhaji Ibrahim Imam kuma ke jagorantar 'yan hamayya, shi ma sai da ya bar Barno ya tafi ƙasar Tibi kafin ya sami kujera. Ran 15 ga Janairu, 1966, aka rufe wannan babi da jini.

Daga nan sai shiru. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, muka faɗa Jihar Arewa Maso Yamma, hedkwata a Sakkwato, gwamna shi ke yin doka, shi ke zartar da ita. Ran 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammad ya ba da sanarwar kafa Jihar Neja, ta fara aiki ran 1 ga Afrilu, da hedkwata a Minna. Aka bar Zuru a Jihar Sakkwato, Borgu kuwa tana Kwara, sai a 1991 ta shigo. Aka kuma yanki ƙasa mai yawa domin sabon birnin tarayya, har tsohon garin Abuja ya ba da sunansa ya koma Suleja. Duk waɗannan manyan al'amura an yi su ne babu wakilin jama'a ko ɗaya da aka nemi ƙuri'arsa. Yaron da aka haifa a shekarar da aka kashe Sardauna ya kai shekara 13 bai taɓa jin an ce majalisa ta zauna ba.

MUTUM TALATIN

Ran 21 ga Satumba, 1978, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP. Aka jera zaɓe biyar cikin makonni shida, na majalisun jihohi ya faɗo ran Asabar 21 ga Yuli, 1979, na gwamnoni kuma mako guda bayansa.

Tsarin mulkin 1979 ya ce kujerun majalisar kowace jiha su zama ninki uku na kujerun da take da su a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Neja tana da 10 a Legas, saboda haka ta sami 30 a Minna. Da aka ƙirga ƙuri'a, NPN ta ci 28, GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim ta ci biyu. Sauran jam'iyyu uku ko ɗaya ba su samu ba. Alhaji Muhammadu Awwal Ibrahim, mutumin Suleja, tsohon malamin jami'a kuma tsohon babban sakatare, ya ci gwamna a NPN, da Alhaji Idris Alhassan Kpaki a matsayin mataimaki. A zaɓen shugaban ƙasa ma Alhaji Shehu Shagari ya sami kusan kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un jihar. Kai, Neja ta zama gidan NPN tun daga zaure har ƙuryar ɗaki.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya lura da su game da waɗannan mutum talatin. Na ɗaya, su ne wakilan farko a tarihinmu da mata suka sa hannu wajen zaɓensu. Duk zamanin Jihar Arewa mace ba ta jefa ƙuri'a, sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe mata ƙofa. An kuma rage shekarun mai zaɓe daga 21 zuwa 18. Na biyu, sharuɗɗan tsayawa ba su da tsauri. Mutum ya cika shekara 21, jam'iyya ta tsai da shi, ya nuna shaidar ya biya harajinsa na shekara uku. Ba a nemi takardar makaranta ba, sai tsarin mulkin baya ne ya kawo wannan. Don haka majalisun Arewa na wancan zamani suka cika da irin mutanen da gari ya sani: malaman makaranta da suka ajiye alli, tsofaffin ma'aikatan En'e, 'yan kasuwa, 'yan kwangila, da 'ya'yan gidajen sarauta. Yawancinsu ba su taɓa ganin yadda ake gudanar da majalisa ba, balle irin wannan sabon tsari da aka aro daga Amurka.

Wakilan da suka fito daga ƙasar Kontagora sun tafi da kaya mai nauyi. A lokacin Mai Martaba Alhaji Sa'idu Namaska bai fi shekara biyar a gadon Nagwamatse ba, kuma wannan ƙasa mai faɗi, ta Kambari da Dukkawa da Kamuku da Hausawa da Fulani, yawancinta cikin ƙananan hukumomi biyu aka ƙunshe ta, Mariga da Magama. Garin Kontagora kansa hedkwatar Mariga ne. Wakili zai bi ta Tegina da Zungeru ya isa Minna, bayansa ƙauyukan da in damina ta sauka mota ba ta shiga, kowanne yana jiran rijiya da ɗakin shan magani da makaranta.

IKON DA AKA BA SU

A nan ne sabon tsari ya sha bamban da na da. Zamanin Sardauna, Firimiya da ministocinsa 'yan majalisa ne, a cikin zaure suke zaune, ɗan hamayya na iya miƙewa ya yi wa minista tambaya ido da ido, da Turanci ko da Hausa, tafinta na juyawa. A tsarin 1979 kuwa gwamna na waje, jama'a suka zaɓe shi da kansu, kwamishinoninsa ba 'yan majalisa ba ne, ɗan majalisar da aka naɗa kwamishina ma tilas ya bar kujerarsa. Sai aka ba majalisa linzami huɗu ta riƙe gwamna da su. Ba zai kashe ko kwabo ba sai ta amince da kasafin kuɗi. Ba zai naɗa kwamishina ba sai ta tantance shi. Tana da ikon kiran kowane ma'aikaci ta bincike shi. In abu ya yi tsanani kuma tana iya tsige gwamna ɗungurungum.

To, mu yi lissafi irin na yaron nan. A majalisa mai mutum 30, mutum 10 sun isa a zauna. Mutum 10 ake bukata su sa hannu kafin a fara maganar tsige gwamna, mutum 20 kuma kafin a tsige shi, ko a zartar da dokar da ya ƙi sa wa hannu. 'Yan hamayya biyu ke nan ba su isa su motsa kome ba, iyakarsu su yi magana a rubuta. Ashe duk wani tsaro da tsarin mulki ya tanadar wa talakan Neja yana hannun mutum 28 da suka fito gida ɗaya da gwamna, suka hau dandali ɗaya, suka ci zaɓe da tuta ɗaya. In sun tsaya an tsaya, in sun kau da kai shi ke nan.

Maƙwabtanmu na Kaduna kishiyar wannan suka samu. Gwamna Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ɗan PRP ne, majalisa mai kujera 99 kuwa NPN ke da rinjaye a cikinta da 64. Ya kai sunayen kwamishinoni aka mayar masa, ya sake kaiwa aka sake mayarwa, har jihar ta yi kusan shekara biyu babu kwamishina. Ran 23 ga Yuni, 1981, aka tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau. A Kano ma a shekarar nan majalisa ta tsige mataimakin gwamna, Alhaji Ibrahim Bibi Faruk. Mutanen Neja da suka ga haka sai suka yi hamdala, suka ce mu dai Allah ya raba mu da rigima. Ko da yake a Minna ma an yi yunƙurin tsige Gwamna Awwal Ibrahim, abin bai kai gaci ba, ya cika wa'adinsa. Amma fa zaman lafiya tsakanin gwamna da majalisa shi ma yana da tasa jarrabawa, kuma ta fi ta rigima wuyar ganewa, domin ba ta da ƙara.

JARRABAWAR ƘANANAN HUKUMOMI

A ganina babu inda wannan jarrabawa ta fito fili kamar a batun ƙananan hukumomi. Da aka kafa jihar, guda takwas gare ta: Chanchaga, Rafi, Gbako, Etswan, Suleja, Mariga, Magama da Lavun. Aka raba Etswan ta zama Agaie da Lapai, suka zama tara. Kafin mulkin farar hula ya ƙare sun kai 18. A ɓangarenmu aka fitar da Bangi da Auna. Ba Neja kaɗai ta yi haka ba, guguwa ce ta ƙasa baki ɗaya, har 301 da soja suka bari suka haura ninki biyu.

Kada mu zalunci masu neman. Mutumin Bangi da zai kwana a hanya kafin ya zo Kontagora ya sa hannu a takarda ɗaya yana da hujja in ya ce a kawo masa hukuma kusa. Wakilin da ya kai wannan kuka Minna ya yi aikinsa. Amma akwai tambaya ta biyu wadda ita ce ainihin aikin majalisa: da wane kuɗi? Kowace sabuwar hukuma tana bukatar shugaba da kansiloli, da sakatare da ma'aji, da ofis da gidaje da motoci. Tukunyar kuwa ba ta ƙaru ba, cokula ne suka ƙaru. Dokar rabon arzikin ƙasa da ta fara aiki a 1982 kashi 10 cikin 100 ta ware wa dukkan ƙananan hukumomin Nijeriya, jihohi 35, tarayya 55. Ko wannan kashi goman ma ba kai tsaye yake zuwa ba, sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatin jiha.

Dada kuma lokacin bai yi daɗi ba. Man fetur da Nijeriya ke haƙowa fiye da ganga miliyan biyu a rana a 1979 ya faɗi ƙasa da miliyan ɗaya a waɗansu watanni na 1981 da 1982, saboda kasuwar duniya ta cika. A watan Afrilu na 1982 Shugaba Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu. Ga shirin ilmin firamare kyauta da aka fara a Satumba 1976 ya cika azuzuwa da yara, nauyin albashin malamai kuma ya faɗo kan jihohi da ƙananan hukumomi. A jihohi da yawa malaman firamare suka riƙa yin watanni ba albashi, makarantu suka zauna a rufe. Watau a daidai lokacin da tuwo ke raguwa aka ƙara kiran baƙi.

Abu na biyu ya fi wannan muni. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1979 ya ba da tabbacin cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Amma da wa'adin waɗanda aka zaɓa a 1976 ya ƙare, sai gwamnoni suka shiga naɗa kwamitocin riƙo, galibi 'yan jam'iyyarsu. Neja, kamar sauran jihohi, ta ƙare shekara huɗun nan ba a kira talaka ya zaɓi shugaban ƙaramar hukumarsa ba. Wa ke da ikon yin dokar zaɓen? Majalisa. Wa ke da ikon cewa ba za a saki kuɗi ga wanda ba a zaɓa ba? Majalisa. An kawo wa mutumin ƙauye ofis kusa da gidansa, amma aka hana shi ikon zaɓen wanda zai zauna a ciki.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Da soja suka dawo, da umarni ɗaya suka soke sababbin hukumomin nan a 1984, aka koma gidan jiya. Waɗanda muke da su yanzu, guda 25, soja ne suka ƙaro su a 1991 da 1996, a nan ne Kontagora ta sami tata, Bangi kuma ta zama hedkwatar Mariga. Abin mamaki, a 2002 zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure an sake ƙirƙiro 17, su ma ba su shiga tsarin mulki ba, suka koma yankunan raya ƙasa. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, amma mu ba mu gani ba.

Duk da haka adalci ya sa a faɗi alherinsu. Mutanen nan daga babu suka fara. Su suka kafa ƙa'idojin zama da kwamitoci, suka koyi yadda shirin doka ke bi ta karatu na ɗaya da na biyu da kwamiti da karatu na uku, suka duba kasafin kuɗi kowace shekara, suka haɗa Banufe da Bagwari da Bakambare da Bahaushe a zaure ɗaya a jihar da ba ta fi shekara uku da haihuwa ba, suka kuma cika wa'adinsu ba tare da jihar ta tsaya cik kamar Kaduna ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Laifin da nake gani shi ne na ɗaukar biyayya ga jam'iyya daidai da amanar jama'a, alhali gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

RANAR DA AKA RUFE ƘOFA

A 1983 aka sake zaɓe. Na gwamnoni ran 13 ga Agusta, Alhaji Awwal Ibrahim ya koma, ko da yake wannan karon jam'iyyar NPP ta yi ƙarfi a jihar. Na majalisun jihohi ran 3 ga Satumba. Majalisa ta biyu ta zauna a Oktoba. Ran Asabar 31 ga Disamba, 1983, da sassafe aka ji muryar Birgediya Sani Abacha a rediyo, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa, aka turo Laftanar Kanar David Mark ya zama gwamnan Neja. Aka tsare Alhaji Awwal tare da sauran gwamnoni. Allah da ikonsa, daga baya ya zama Sarkin Zazzau Suleja.

Akwai abin lura a nan wanda ba kasafai ake faɗinsa ba. In soja suka karɓi mulki, ofishin gwamna ba ya rufuwa, mai zama ciki ne ke sakewa. Kotuna ma suna ci gaba da shari'a. Majalisa kaɗai ake sa wa kwaɗo. Shi ya sa a cikin rassan mulki uku ita ce ƙarama a shekaru, ita ce kuma ba ta da tsofaffin hannu. Kowane komowa sai an fara koyo daga baƙi.

Na tambayi dattijon nan na majalisarmu, na ce, "Malam, ranar da aka rufe majalisa, yaya gari ya kasance?" Ya ce, "Wallahi ban ga wanda ya yi kuka ba. Mun san gwamna, mun san kantoma, amma ba mu taɓa jin abin da wakilinmu ya faɗa a Minna ba. Yaya za ka yi makokin wanda ba ka san aikinsa ba?" Wannan magana ta fi duk abin da na rubuta a sama nauyi. Majalisar da jama'a ba su ga amfaninta ba, ba za su tsaya mata ba ranar da aka zo rufe ta.

MU DA MUKE RAYE

Tun daga 1999 majalisar Neja kujera 27 gare ta, ƙaramar hukumar Kontagora na da biyu. Ɗan garin nan, Alhaji Abubakar Sani Bello, ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023, a Yuni 2023 kuma aka zaɓi wakilin Mariga, Barista Abdulmalik Sarkin-Daji, ya zama Kakakin Majalisa. Ba za mu ce an bar mu a baya wajen muƙami ba. Amma tsohon hali na nan: jam'iyyar gwamna ita ke cika zaure, zamanin PDP haka, zamanin APC haka. In ka ji majalisa ta yi zafi, galibi a kan kujerar shugabanci ne, kamar a watan Mayu na 2012 da aka yi Kakaki uku cikin 'yan kwanaki. Batun kuɗin ƙananan hukumomi da naɗa kantomomi kuwa, wanda majalisun 1979 suka kau da kai a kansa, sai da ya kai Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli, 2024, cewa a ba su kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu kaɗai doka ta sani. Shekara 45 ke nan ana jan magana ɗaya.

Abin da ke kan faifai yanzu ya fi na da girma. Kasafin kuɗin Neja na 2025 ya haura naira tiriliyan ɗaya. Manoman Mariga da Rijau da Magama da Mashegu sun sha barin gonakinsu saboda 'yan bindiga, ba mu kuma manta da yaran Islamiyyar Tegina da aka sace a 2021 ba. Kuɗin tsaro, kuɗin hanya, bashin da ake ciwowa da sunan jikokinmu, duk sai sun bi ta gaban mutum 27 kafin su zama halal ga gwamnati.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko ga majalisa. Muhawarar Majalisar Arewa an buga ta littafi-littafi, mai bincike na iya zuwa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna ya karanta abin da wakilai suka faɗa tun kafin a haifi yawancinmu. Ya kamata majalisar Neja ta tattara nata tun daga 1979, da sunan kowane wakili da mazaɓarsa da dokokin da aka yi, ta buga, ta ajiye a makarantu da ɗakunan karatu. Sashe na 97 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon yin zama da harsunan jiha bayan Turanci. Me zai hana a riƙa watsa muhawarar kasafin kuɗi a rediyo da Hausa da Nufanci da Gwaranci, mutumin Kotonkoro ya ji da kunnensa?

Na biyu gare mu masu zaɓe. Mun mai da wakili ma'ajin biki da suna, muna auna shi da buhun shinkafa da kuɗin asibiti. Wanda muka ɗora wa wannan kaya tilas ya zauna lafiya da mai riƙe da baitulmali, in kuwa haka ne, da wane baki zai tambaye shi? In wakilinku ya zo gida, bayan gaisuwa ku yi masa tambaya uku. Nawa aka sa wa mazaɓarmu a kasafin bana, nawa aka saki? Wane kwamishina ka kira ka bincika? Wace rana ka taɓa cewa a'a, kuma a kan me? Wanda ya amsa waɗannan, ko bai ba ka ko sisi ba ya biya ka. Wanda ya kasa, ko ya cika maka rumbu, da kuɗinka ya saya.

Yaron nan da ya tayar da maganar, da zai tafi ya ce, "Kawu, ashe majalisa ma tana mutuwa?" Dattijo ya ce, "Tana mutuwa mana, ɗana. Wani sa'in soja ke kashe ta, wani sa'in kuwa tana zaune da ranta, da sandarta a kan tebur, amma ta daɗe da rasuwa." Allah ya kiyashe mu da duka biyun, ya ba wakilanmu ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu ikon tambaya.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar taki.